Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Abokai na Nesa Za Su Shiga Sabar Wasan da Ka Girka a Kwamfutar Kwaikwayo a Gida

Wannan shafi na mutumin da ya riga ya girka sabar wasa ne a cikin kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja irin VirtualBox ko VMware ko Hyper-V ke ƙirƙira a cikin kwamfutar gaske, yana kuma son abokansa da ke wata unguwa ko wani gari su shigo su yi wasa tare. Yawancin misalan daga Minecraft aka ɗauko su, domin yana cikin wasannin da aka fi girka wa sabar a gida, amma hanyar ɗaya ce ga kusan kowane wasa.

Ni ina shiga sabar daga kwamfutata, amma abokina ya kasa. Ina matsalar take?

Saƙon da ke fitowa daga kwamfutar abokinka sai ya ratsa shingaye da yawa kafin ya isa wurin wasan, kuma ko ɗaya daga cikinsu ya rufe, abin da zai gani a allonsa iri ɗaya ne: wasan zai yi ta jira har ya gaji ya ce bai sami sabar ba. Abin ya yi kama da baƙon da ya zo gida: sai ya gane layin, ya sami ƙofar gida a buɗe, ya wuce zaure, sannan a nuna masa ɗakin da ake jiransa. Shingen farko shi ne kamfanin da ke ba ka intanet, na biyu rautar gidanka, na uku katangar tsaron babbar kwamfutar, na huɗu tsarin sadarwar kwamfutar kwaikwayon, sai katangar tsaron da ke cikinta, daga ƙarshe kuma ita kanta manhajar sabar.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a taɓa abubuwa biyar a lokaci guda, a kashe wannan a buɗe wancan, har a rasa wanne ne ya gyara wanne ne ya ɓata. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara gwaji daga ciki a yi waje. Ka fara tabbatar da cewa sabar tana sauraro a cikin kwamfutar kwaikwayon. Idan Linux ce, umarnin `ss -tlnp` zai nuna maka layi mai ɗauke da lamba 25565, wato lambar ƙofar (port) da saƙon Minecraft ke shigowa ta cikinta. Bayan haka ka shiga daga babbar kwamfutar. Sannan ka shiga daga wata na'ura dabam da ke kan rautar gidan, kamar kwamfutar ƙaninka. Sai waɗannan uku sun yi aiki kafin ka fara tunanin abin da ke wajen gida. Matakin da gwajin ya fara faɗuwa, nan matsalar take.

A fayil ɗin `server.properties` na Minecraft akwai layin `server-ip`. Ka bar shi babu komai. Mutane da yawa suna rubuta adireshin intanet ɗin gidansu a wurin suna zaton taimako ne, alhali sabar ba ta iya sauraro a adireshin da ba na kwamfutar da take ciki ba, sai ta ƙi tashi.

Wane tsarin sadarwa zan zaɓa wa kwamfutar kwaikwayon, NAT ko Bridged?

Idan babu wani dalili mai ƙarfi da ya hana, ka zaɓi Bridged.

Dalili kuwa shi ne, idan ka ƙirƙiri sabuwar kwamfuta a VirtualBox, tsarin NAT ake ɗora ta a kai tun farko, kuma a wannan tsari manhajar tana ɓoye ta ne a bayan babbar kwamfutar. Za ta sami adireshi 10.0.2.15, za ta iya fita intanet ta sauko da duk abin da take so, amma babu wata na'ura a gidan da ta san da zamanta, har da rautar. Shi ya sa mutum yake ganin intanet yana aiki lafiya a cikinta, ya ɗauka komai ya daidaita, alhali hanyar fita kawai aka ba ta, ba a ba ta ta shigowa ba.

A tsarin Bridged kuwa, kwamfutar kwaikwayon tana fitowa fili a kan rautar kamar wata na'ura mai cin gashin kanta. Rautar za ta ba ta adireshi irin na sauran na'urorin gidan, misali 192.168.1.50, kuma za ka gan ta a jerin na'urorin da ke haɗe. Daga nan duk wata ƙofa da ka tura daga rautar, wato ka umarci rautar ta miƙa saƙon da ya zo ta wannan ƙofa zuwa wata na'urar cikin gida, kai tsaye take zuwa gare ta ba tare da bi ta babbar kwamfutar ba. A Hyper-V abin da ya yi daidai da wannan shi ne ƙirƙirar External Switch, domin Default Switch ɗin da yake zuwa da shi NAT ne. A Proxmox kuwa, wanda shi ma tsarin ƙirƙirar kwamfutocin kwaikwayo ne, gadar da ake kira `vmbr0` ta riga ta yi wannan aikin tun lokacin girkawa.

Akwai wuri ɗaya da Bridged ke yawan ba da wahala, wato idan babbar kwamfutar da Wi-Fi take haɗe da rautar. Ƙa'idar Wi-Fi ba ta yarda na'ura ɗaya ta riƙa aika saƙo da lambobin shaida biyu ba, don haka sai manhajar ta yi dabara ta ari lambar babbar kwamfutar, kuma ba kowace rauta ce ke jure wannan dabarar ba. Wani lokaci kwamfutar kwaikwayon ta kasa samun adireshi, wani lokaci ta samu ta riƙa yankewa. Igiyar Ethernet tana kawar da wannan gaba ɗaya, kuma ko ba don haka ba, kwamfutar da za ta riƙe sabar wasa ta cancanci igiya. Ka kuma duba cewa a cikin saitin ka zaɓi katin sadarwar da ke aiki a zahiri, domin idan ka zaɓi katin igiya alhali kana kan Wi-Fi, babu abin da zai wuce.

Idan dole sai na zauna a kan NAT fa?

Zai yiwu, sai dai turawar za ta zama hawa biyu. A VirtualBox ka shiga saitin Network, ka buɗe Advanced, sannan Port Forwarding, ka ƙara ƙa'ida mai cewa ƙofa 25565 ta babbar kwamfutar ta wuce zuwa ƙofa 25565 ta kwamfutar kwaikwayon. Guraben adireshi kana iya barinsu babu komai. Daga nan rautar za ta tura ƙofar zuwa adireshin babbar kwamfutar, ba zuwa 10.0.2.15 ba, domin rautar ba ta san wannan adireshin ba. Sannan dole katangar tsaron Windows ta babbar kwamfutar ta yarda da shigowar saƙo ta wannan ƙofa, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, musamman idan Windows ta ɗauki hanyar gidan a matsayin Public, inda take tsaurara tsaro.

Jiya ya yi aiki, yau ya daina, kuma ban taɓa komai ba. Me ya faru?

Mafi yawan lokaci adireshin kwamfutar kwaikwayon ne ya canza. Rautar tana raba adireshi aro ne na ɗan lokaci, kuma idan aka kashe ta aka kunna, tana iya ba wayar wani adireshin da sabar ke riƙe da shi jiya, ƙa'idar turawa kuwa tana nan tana nuna tsohon wurin. Maganin shi ne ka shiga saitin DHCP na rautar, wato sashen da ke raba adireshi, ka keɓe wa kwamfutar kwaikwayon adireshi na dindindin bisa lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar katin sadarwarta. Lambobin da VirtualBox ke bayarwa suna farawa da 08:00:27, don haka ba ta da wuyar ganewa a jerin.

Wace ƙofa zan buɗe, kuma mene ne bambancin TCP da UDP?

Kowane wasa da lambar ƙofarsa da kuma irin hanyar da yake bi. Minecraft na Java yana amfani da 25565 ta TCP. Minecraft na Bedrock, wanda ake yi a waya da na'urorin wasa, yana amfani da 19132 ta UDP. Terraria na bin 7777 ta TCP, Factorio 34197 ta UDP, Valheim kuwa 2456 da 2457 ta UDP, wasannin Counter-Strike kuma 27015.

TCP hanya ce da ake tabbatar da isar kowane saƙo bi da bi, UDP kuwa ana jefa saƙon ne a wuce, abin da ya ɓace ya ɓace, saboda haka wasannin da ke buƙatar sauri suka fi son ta. Abin da ya shafe ka a nan shi ne, ƙofa 19132 ta TCP da ƙofa 19132 ta UDP ƙofofi biyu ne dabam, kuma idan ka buɗe wadda ba ita ba, daidai yake da ba ka buɗe komai ba. A cikin Ubuntu, idan katangar `ufw` tana kunne, umarnin `sudo ufw allow 25565/tcp` ne zai ba da hanya. Shafukan intanet da ke gwada ko ƙofa a buɗe take, yawancinsu TCP kawai suke iya gwadawa, kuma sai sabar tana kunne a lokacin. Don haka idan wasanka na UDP ne, kada ka yarda da hukuncinsu, ka sa aboki ya gwada da wasan kansa.

Yaya ake tura ƙofa a rauta?

Ka buɗe burauza ka rubuta adireshin rautar, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, a rautocin Huawei masu layin waya kuma 192.168.8.1. Sunan sashen ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani: wasu sun kira shi Port Forwarding, wasu Virtual Server, wasu Port Mapping. Abin da za a cike huɗu ne, wato ƙofar waje, ƙofar ciki, adireshin kwamfutar kwaikwayon, da kuma TCP ko UDP.

Idan gidanku rauta biyu ce a jere, ta kamfanin intanet sannan taku a bayanta, to turawar a guda ɗaya ba ta isa ba. Ko dai a mayar da ta kamfanin zuwa tsarin gada ta zama mai wucewa da saƙo kawai, ko kuma a tura ƙofar daga ta farko zuwa ta biyu, sannan daga ta biyu zuwa sabar.

Na yi duk wannan daidai, har yanzu babu mai iya shigowa. Mene ne CGNAT?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata mai amfani da intanet na layin waya ya fara yi tun kafin ya taɓa saitin rauta, domin tana iya ceton sa daga wahalar kwanaki.

Adiresoshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal a duniya, kuma hukumar IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta a watan Fabrairun 2011. Da yake na'urori sun fi adiresoshin yawa nesa ba kusa ba, sai kamfanonin sadarwa suka koma haɗa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya na waje. Wannan shi ne CGNAT. A shekarar 2012 aka keɓe masa rukunin adireshi na musamman, daga 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255. A ƙarƙashin wannan tsari, ainihin ƙofar waje tana hannun kamfanin ne, ba a gidanka take ba, kuma duk ƙa'idar da ka rubuta a rautarka ba za ta taɓa ganin saƙon abokinka ba, tun da an tare shi tun a can.

Gane shi ba wuya. Ka shiga shafin rautar ka duba adireshin da ta rubuta a matsayin WAN IP. Sannan daga cikin kwamfutar kwaikwayon ka buga `curl ifconfig.me`, ko ka buɗe kowane shafi mai nuna adireshinka na waje. Idan lambobin biyu iri ɗaya ne, kana da adireshin waje na kanka, kuma tura ƙofa zai yi aiki. Idan sun bambanta, kuma na rautar ya faɗa cikin rukunin 100.64 zuwa 100.127, ko ya fara da 10, to kana bayan CGNAT ko bayan wata rautar da ba taka ba.

Wannan ya shafi masu karatu a Najeriya da Nijar ƙwarai, domin gidaje da yawa da layin waya suke samun intanet, ta MiFi ko rauta mai SIM, kuma hanyoyin sadarwar wayar salula kusan ko'ina a duniya a bayan CGNAT suke ajiye kwastomomi. Starlink ma, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, haka yake yi wa masu tsarin gida a ɓangaren IPv4. Yawancin bayanan da ake samu a intanet kan tura ƙofa an rubuta su ne da tunanin gidan da ke da layin igiya mai adireshinsa, shi ya sa mutum zai bi su daki-daki ya ga babu sakamako, ya koma zargin kansa alhali laifin ba nasa ba ne.

To idan ina bayan CGNAT, shi ke nan babu mafita?

Akwai, har fiye da ɗaya, kuma yawancinsu dabara ɗaya suke bi: tun da ba a iya shigowa daga waje, sai sabar ta fita da kanta ta ƙulla hanya da wani wuri a waje, abokai su biyo ta wannan hanyar.

Idan abokan wasan ba su da yawa kuma ka san su, abin da na fi ba da shawara shi ne hanyar sirri irin Tailscale ko ZeroTier. Ana girka manhajar a cikin kwamfutar kwaikwayon da kuma na'urar kowane aboki, sai su zama kamar suna kan rauta ɗaya ko da suna garuruwa dabam-dabam. Tailscale an gina shi ne a kan WireGuard, manhajar ƙulla hanyar sirri tsakanin na'urori, yana ba kowace na'ura adireshi mai farawa da 100 wanda ba ya canzawa, kuma wannan adireshin abokinka zai rubuta a wasan. Yana kuma ba da damar raba na'ura ɗaya tak da wani mutum ba tare da buɗe masa sauran na'urorinka ba. Fa'idarsa babba ita ce babu ƙofar da aka buɗe wa duniya, kuma ko kwamfutar kwaikwayon tana kan NAT zai yi aiki. Naƙasunsa kuwa, kowa sai ya girka manhajar, kuma na'urorin wasa irin PlayStation da Xbox ba sa karɓar ta. Haka nan idan ɓangarorin biyu duk suna bayan CGNAT mai tsauri, wani lokaci haɗin kai tsaye ya gagara, sai saƙon ya bi ta tashar tsakiya ta kamfanin, jinkiri ya ƙaru. Umarnin `tailscale status` yana nuna ko haɗin kai tsaye ne ko ta tsakiya.

Idan kana son kowa ya shigo ba tare da girka komai ba, akwai masu ba da rami na wasanni irin playit.gg, wato hanyar da ke wucewa da saƙon 'yan wasa daga sabarsu zuwa taka. Ƙaramar manhajarsu tana zama a cikin kwamfutar kwaikwayon, ta haɗu da sabarsu, su ba ka adireshi da lambar ƙofa da za ka raba wa mutane, kuma suna ɗaukar TCP da UDP. A nan duk saƙon yana bi ta wurinsu ne, don haka nisan tasharsu daga gare ku shi zai yanke yawan jinkirin.

Mai son riƙe komai a hannunsa yana iya hayar ƙaramar sabar haya mai adireshin waje, ya haƙa ramin WireGuard daga gida zuwa can, sannan ya tura ƙofar wasan ta cikin ramin. WireGuard ya shiga cikin Linux tun sigar 5.6 a shekarar 2020, don haka girka shi ba aiki ba ne mai yawa. A ɓangaren gida kada a manta da layin `PersistentKeepalive = 25`, domin shi ke hana kamfanin sadarwa rufe hanyar idan ta yi shiru na ɗan lokaci. Sai dai a sani cewa a tsarin da aka fi yi, sabar wasan za ta riƙa ganin duk 'yan wasa kamar daga adireshi ɗaya suka fito, wato na ramin, kuma idan ka kori wani ta adireshinsa, kowa ka kora.

Sauran hanyoyin biyu su ne neman kamfanin ya ba ka adireshin waje, wanda galibi a tsarin 'yan kasuwa ake samu da ƙarin kuɗi, da kuma IPv6, wanda ba shi da ƙarancin adireshi, amma sai kai da abokinka duk kamfanoninku suna bayar da shi.

Ina da adireshin waje amma yana canzawa. Sai na riƙa aika wa abokai sabo kullum?

A'a. Akwai masu ba da suna mai bin adireshi, irin DuckDNS da No-IP da Dynu. Kana zaɓar suna, sai wata ƙaramar manhaja a rautar ko a kwamfutar kwaikwayon ta riƙa sanar da su duk lokacin da adireshin ya canza, abokai kuwa sunan kawai suke riƙewa. Mai amfani da tsarin kyauta na No-IP sai ya riƙa tabbatar da sunansa duk bayan kwana 30. Amma wannan suna ba ya maganin CGNAT ko kaɗan; yana nuna hanyar zuwa adireshi ne kawai, ba ya buɗe ƙofar da take rufe.

Na rubuta adireshin wajen daga cikin gida bai shiga ba. Hakan na nufin bai yi aiki ba?

Ba lallai ba. Rautoci da yawa ba su iya karɓar saƙon da ya fito daga cikin gida yana neman adireshin wajen gidan su mayar da shi ciki. Kai da ke gida ka yi amfani da adireshin ciki, mai farawa da 192.168. Gwajin gaskiya sai daga wata hanyar intanet dabam, misali ka cire kwamfutar tafi-da-gidanka daga Wi-Fi na gida ka haɗa ta da datar wayarka.

Buɗe ƙofa ba zai jefa gidan cikin haɗari ba?

Yana da haɗari, kuma bai kamata a raina shi ba. Akwai na'urori da ke zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowane adireshi a ƙofa 25565 da sauran sanannun ƙofofi, don haka tunanin cewa babu wanda ya san adireshinka ba kariya ba ne. Sabar da aka bari a buɗe, baƙi suna iya shigowa su rushe ginin da yara suka yi watanni suna yi, kuma wannan kaɗai ya isa ɓacin rai.

Abu na farko a Minecraft shi ne jerin waɗanda aka yarda su shiga: ka sa `white-list=true`, sannan ka ƙara kowane aboki da umarnin `whitelist add` da sunansa. Ka bar `online-mode=true`, domin idan aka kashe shi sabar ba ta tantance ko mutum shi ne mai sunan da ya zo da shi, kuma kowa yana iya shigowa da sunan mai kula da sabar, jerin ma ya zama banza. Na biyu shi ne sabunta manhaja. A watan Disamban 2021 aka gano raunin tsaro mai suna Log4Shell a cikin Log4j, wani ɓangaren manhaja na Java da Minecraft ke amfani da shi, wanda ya sa saƙo ɗaya a akwatin hira na wasan yana iya sa sabar ta gudanar da umarnin wani baƙo. An toshe shi a sigar 1.18.1, amma duk mai tafiyar da tsohuwar siga sai ya tabbatar an yi mata gyaran.

Kada ka buɗe wa duniya komai sai ƙofar wasan. Ƙofofin sarrafawa daga nesa, wato ƙofa 22 ta SSH, da 3389 ta Remote Desktop, da 25575 ta RCON, su zauna a rufe daga waje. Idan kana son sarrafa sabar daga nesa, ka bi ta Tailscale ko WireGuard. Haka nan kada ka sa kwamfutar kwaikwayon a saitin DMZ na rautar don neman sauƙi, domin hakan yana tura mata duk ƙofofi ne gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. Sanya sabar a kwamfutar kwaikwayo yana raba ta da fayilolin babbar kwamfutar, kuma wannan ne ma babban amfaninsa, amma a tsarin Bridged tana zaune ne a hanya ɗaya da wayoyin mutanen gida da talabijin da kyamarar tsaro. Wanda ya mallake ta yana iya leƙa su. Saboda haka ka gudanar da sabar da asusun da ba shi da ikon shugaba, ka rufe manyan fayilolin da aka raba tsakaninta da babbar kwamfutar, kuma idan rautarka tana iya ware na'ura a hanya ta dabam, ka ware ta. Hoton yanayi (snapshot) da VirtualBox ke ɗauka, wanda ke ba da damar mayar da kwamfutar kwaikwayon yadda take a da, yana da amfani kafin a yi babban canji, amma a faifai ɗaya yake zaune da komai. Kwafin duniyar wasan ya kamata ya kasance a wani faifai dabam.

Idan wuta ta ɗauke fa?

Minecraft yana ajiye duniyar wasa da kansa duk bayan minti 5, don haka abin da ake asara galibi kaɗan ne, amma idan wutar ta yanke a daidai lokacin da ake rubutu a faifai, wani yanki na duniyar yana iya lalacewa. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ta fi babbar kwamfutar tebur dacewa da inda wuta ba ta tsayawa, sai a haɗa rautar da ƙaramin batir ko inbata, tun da sabar da ke kunne ba tare da rauta ba babu mai isa gare ta.

Domin komai ya tashi da kansa bayan dawowar wuta, ka kunna saitin BIOS mai tayar da kwamfuta idan wuta ta dawo, ka sa kwamfutar kwaikwayon ta tashi tare da babbar, sannan sabar ta zama hidimar `systemd` a cikinta, wato tsarin Linux mai tayar da manhajoji da kansa. A VirtualBox umarnin `VBoxManage startvm` tare da `--type headless` yana tayar da ita ba tare da buɗe taga ba. Proxmox da Hyper-V kuwa suna da wurin zaɓar hakan a saitinsu. Ka kuma hana babbar kwamfutar yin barci, har da lokacin da aka rufe murfinta.

An shigo, amma wasan yana tsinkewa. Intanet ne ko kwamfutar?

Sabar Minecraft tana lissafin duniya sau 20 a kowane daƙiƙa, wato kowane zagaye yana da milisakan 50. Idan ta kasa cim ma hakan, za ta rubuta gargaɗin "Can't keep up!" a allonta, kuma kowa zai ji nauyin, har da kai da ke cikin gida. Wannan matsalar kwamfuta ce. Ka duba ƙwaƙwalwar da ka ba kwamfutar kwaikwayon, ka tabbata adadin da ka ba Java da `-Xmx` bai cinye ta duka ba, domin Linux ma tana buƙatar nata kason. Ka tabbata VT-x ko AMD-V, wato saitin da ke hanzarta kwamfutar kwaikwayo, a kunne yake a BIOS. Idan kuma ka ga hoton ɗan kunkuru kore a ƙasan tagar VirtualBox, alama ce ta cewa Hyper-V na Windows ya riƙe wannan damar, VirtualBox yana tafiya ta hanya mai nauyi.

Idan kuwa kai kana wasa lafiya, na nesa ne kawai ke kuka, to hanya ce. Abin da sabar ta dogara da shi shi ne saurin aikawa, ba saurin saukewa da kamfanoni suka fi tallatawa ba, kuma a layin waya saurin aikawa yana raguwa da yamma lokacin da jama'a suka cika hasumiyar. Wani a gidan da ke loda bidiyo yana iya shaƙe hanyar gaba ɗaya. Rage `view-distance` daga 10 zuwa 6 ko 7 yana rage yawan bayanan da ake aika wa kowane ɗan wasa, yana kuma sauƙaƙa wa kwamfutar, sannan ga mai sayen data da awo, yana rage abin da sabar ke ci a wata.